Yadda Ake Kula da Dajin Gajerun Itatuwa Domin Tsuntsun da Ke Gab da Ƙarewa

Tsakanin fili mai ciyawa zalla da kurmi mai dogayen bishiyoyi akwai wani irin daji da ba a cika ganin darajarsa ba, wato inda gajerun itatuwa da ƙayoyi da tsirrai masu yaɗo suka sarƙe da juna, tsayinsu daga gwiwar mutum zuwa mita huɗu ko biyar, da 'yan sarari jefi-jefi a tsakaninsu inda hasken rana yake kaiwa ƙasa. Manomi yana ɗaukarsa sunƙuru ne da ke jiran sassabe, mai neman filin gini yana ganin wuri ne da ba a amfana da shi, har ma'aikacin gandun daji ma sau da yawa kallon dajin da ya lalace yake yi masa. Shi ya sa idan za a faɗaɗa gona ko a yanka filaye da shi ake farawa, kuma ba a jin kowa ya ɗaga murya kamar yadda ake yi idan an taɓa manyan bishiyoyi. Alhali kuwa akwai tsuntsaye da yawa a duniya waɗanda ba sa iya yin sheƙa ko samun abinci sai a cikin irin wannan duhuwa, kuma da dama daga cikinsu yanzu suna cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu.

Duk wanda aka damƙa wa amanar irin wannan wuri, ko hukuma ce ta ba shi ko filinsa ne na kansa, ya kamata ya riƙe abu guda tun daga farko, wato wannan daji ba ya tsayawa yadda aka same shi. Ciyawa takan ba wa gajerun itatuwa wuri, su kuma su yi tsawo su haɗe kai a sama, inuwa ta kashe ganyen da ke ƙasa, daga bisani dogayen bishiyoyi su ratso su mamaye ko'ina. A da, gobarar da tsawa take tayarwa, da ambaliya, da manyan dabbobin dawa masu cin ganye, da masu saran itace jefi-jefi, su ne suke datse dajin su mayar da shi ƙuruciya, ta yadda in wani sashe ya tsufa, wani sashen yana tasowa. A yau a wurare da yawa an hana wutar, dabbobin sun ƙare, sauran ƙasar kuma ta zama gonaki da gidaje. Saboda haka wanda ya kewaye wurin da shinge, ya kafa allon gargaɗi ya tafi, zai iya dawowa bayan shekara 15 ko 20 ya tarar da shingensa da itatuwansa lafiya lau, amma tsuntsun da aka yi aikin dominsa ya daɗe da barin wurin.

A fara da sanin tsuntsun

Kafin a ɗauki adda ko ashana, dole ne a san ainihin abin da tsuntsun yake buƙata, domin abin da ya rayar da wani shi ne ajalin wani. A jihar Fulorida ta Amurka akwai wani shuɗin tsuntsu ɗan dangin hankaka, wanda masana suke kira Aphelocoma coerulescens, babu shi a ko'ina a duniya sai a wannan jiha, kuma tun 1987 gwamnatin ƙasar ta sa shi a jerin masu fuskantar barazana. Yana zaune ne a kan tudun rairayi inda gajerun itatuwan ok, wani irin itace mai ƙananan 'ya'ya masu tauri, suke tsirowa, kuma binciken da aka faro a cibiyar bincike ta Archbold da ke jihar tun 1969 ya nuna cewa ya fi samun nasarar hayayyafa idan tsayin itatuwan yana tsakanin mita 1 da mita 2, da filayen farin rairayi a tsakaninsu. Rairayin yana da dalili, domin kowane tsuntsu yakan binne dubban 'ya'yan ok a cikinsa kowace shekara, ya riƙa tonowa lokacin da abinci ya yi wuya. Gajartar itatuwan ma tana da dalili, domin tsuntsayen suna zama ne iyali-iyali, ɗaya yakan hau reshe mafi tsawo yana gadi yayin da sauran suke kiwo, kuma in itatuwa suka yi tsawo shaho yakan samu maɓoya ya far musu ba tare da mai gadin ya hango shi ba. Wuta ce take riƙe da wannan daji a gajarce, tana cinye rassan sama, saiwoyin kuma su sake toho.

A kudu maso yammacin Ostireliya kuwa akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa, mai ƙarar murya, wanda da ƙyar yake iya tashi sama, sunansa a wurin masana Atrichornis clamosus. An shafe fiye da shekara 70 ana zaton ya ƙare, sai a 1961 aka sake gano shi a gaɓar teku kusa da garin Albani. Shi duhuwar da ta daɗe ba ta ga wuta ba yake so, inda busasshen ganye ya taru ya yi kauri a ƙasa, domin a cikinsa yake tonon ƙwari, kuma abin da ya fi taimaka masa shi ne hana gobara shiga mazauninsa. Da a ce mai kula da wannan wuri ya karanta labarin Fulorida ya je ya kunna wuta, da ya gama da tsuntsun a yini guda. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane haɗari a wannan aiki, wato ɗauko maganin wani wuri a shafa wa wani ba tare da an duba ko cutar ɗaya ce ba.

Don haka a zauna a amsa wasu tambayoyi, ta hanyar karanta abin da masana suka rubuta game da tsuntsun, da tambayar waɗanda suka daɗe suna zaune kusa da wurin, da kuma lura da ido. A wane irin itace yake yin sheƙa, kuma a wane tsayi daga ƙasa? Me yake ci, kuma me yake ciyar da 'ya'yansa, tun da yake tsuntsaye da yawa masu cin tsaba da ƙwari suke renon 'yan tsakinsu? Yaya girman filin da namiji da mace suke riƙewa? A wane wata yake fara sheƙa, kuma yaushe 'ya'yan ƙarshe suke tashi? Mazaunin dindindin ne ko kuwa ɗan ci-rani ne da yake zuwa ya koma? A lokaci guda a tuntuɓi hukumar kula da namun daji ta ƙasar da ake ciki, domin a ƙasashe da yawa taɓa mazaunin halittar da doka ta kare, ko da da niyyar gyara ne, yana buƙatar izini a rubuce.

Auna wurin da ƙidayar tsuntsayen

Shekarar farko ta kallo ce da rubutu. A samo taswirar wurin, ko hoton tauraron ɗan'adam da ake samu a intanet, a zaga da ƙafa ana shata inda itatuwa suke ƙanana, da inda suka kai daidai, da inda suka wuce misali. Kayan aikin ba su da yawa. Doguwar sanda da aka shafa wa fenti a kowane rabin mita ta isa auna tsayi, kuma in aka tsayar da ita a cikin duhuwa aka ja da baya taku goma, yawan zanen fentin da ganye ya ɓoye zai nuna kaurin duhuwar a kowane mataki. A kafa turaku a wurare goma ko ashirin, a riƙa ɗaukar hoto daga kowane turke ana fuskantar gefe ɗaya a wata ɗaya na kowace shekara, domin idon mutumin da yake zuwa kullum ba ya ganin girman itace, hoto ne yake nuna masa.

Ƙidayar tsuntsaye da sassafe ake yin ta, daga ketowar alfijir zuwa hantsi, a ranar da babu iska mai ƙarfi ko ruwan sama. A bi hanya ɗaya a hankali, duk inda aka ji namiji yana kuka a sa alama a taswira, a maimaita haka sau huɗu ko fiye a cikin lokacin sheƙa. Alamomin da suka taru wuri guda su ne filin namiji ɗaya, kuma jin maza biyu suna kuka a lokaci guda shi ne tabbacin cewa filaye biyu ne. Sai dai kukan namiji kaɗai ba ya nuna lafiyar wuri, domin wanda bai samu mace ba ya fi kowa yawan kuka. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ganin iyaye ɗauke da abinci a baki, sannan ganin 'ya'yan da suka tashi. Akwai wuraren da suke jawo tsuntsaye kowace shekara amma 'ya'ya ba sa rayuwa a cikinsu, kuma irin wannan wuri rami ne da yake cinye tsuntsayen da wasu wurare suka haifar. A guji kutsawa neman sheƙa, domin sawun mutum yakan buɗe wa maciji da sauran mafarauta hanya, haka kuma a taƙaita kunna kukan tsuntsu a waya don jawo shi, sai in masu bincike ne da suke da izini.

Raba wurin da sare shi bi-da-bi

Nan ne zuciyar aikin take. Manufar ita ce a kowane lokaci a samu sashen da aka sare bai daɗe ba, da sashen da yake tasowa, da sashen da ya kai daidai buƙatar tsuntsun, da ɗan abin da aka bari ya tsufa. Lissafin mai sauƙi ne. In wurin hekta 30 ne, kuma an lura cewa itatuwan suna wuce misali bayan shekara 15, to a raba shi kashi 15 a riƙa taɓa hekta 2 kowace shekara, ko a raba shi kashi 5 a riƙa taɓa hekta 6 duk bayan shekara 3 idan ma'aikata ba sa samuwa kullum. Tsawon zagayen ya danganta da ƙasa da ruwan sama, domin abin da zai ɗauki shekara 8 a ƙasa mai danshi zai iya ɗaukar shekara 20 a busasshen tudu, saboda haka sandar awo ce za ta yanke hukunci, ba kalanda ba.

A fara da sashen da ya riga ya tsufa har tsuntsaye suka ƙaurace masa, musamman wanda yake maƙwabtaka da inda suke zaune yanzu, domin 'ya'yan da za su tashi su samu wurin komawa kusa da gida. Kada a taɓa share filin iyali ɗaya gaba ɗaya a lokaci guda. Shuɗin tsuntsun Fulorida, alal misali, iyali ɗaya yana riƙe da kimanin hekta 10 duk tsawon shekara, kuma itatuwan da aka ƙone sukan ɗauki 'yan shekaru kafin su sake ba da 'ya'ya, don haka in aka ƙone filin duka an bar su ba wurin sheƙa ba abinci, filayen maƙwabta kuma suna da masu su. Game da lokaci kuwa babu sassauci: ba a sara, ba a ƙonawa, ba a shigar da inji daga lokacin da tsuntsaye suka fara ɗaukar kayan sheƙa har sai 'ya'yan ƙarshe sun yi ƙwari. In itatuwan suna ba da 'ya'yan da tsuntsaye suke dogaro da su bayan lokacin sheƙa, a jinkirta saran har sai an cinye su.

Domin a fahimci siffar da ake nema, yana da kyau mutum ya durƙusa a gefen duhuwar da naitingel yake sheƙa a cikinta, wato tsuntsun nan mai daɗin murya da yake hayayyafa a Turai ya yi ci-rani a Afirka ta Yamma, wanda yawansa a Ingila ya ragu da kimanin kashi 90 cikin 100 tun daga ƙarshen shekarun 1960. Daga waje duhuwar kamar tulluwar bukka take, ganye da ƙaya sun sauko har sun taɓa ƙasa ta kowane gefe, doguwar ciyawa ta kewaye gindinta. In aka ɗaga reshe aka leƙa ciki, sai a ga sarari mai duhu da sanyi, ƙasa ba ciyawa sai ruɓaɓɓen ganye, kuma a nan tsuntsun yake tsalle-tsalle yana tsintar ƙwari ba tare da shaho ya gan shi ba. Sheƙarsa tana can ƙasa-ƙasa a cikin kaurin gefen. Da zarar itatuwan sun yi tsawo, ganyen gefen ya zube, har mutum yana iya hango wancan ɓangaren ta tsakanin kututtura, to wurin ya tashi daga aiki ko da daga nesa yana nan kore shar.

Wajen sara, a datse itacen kusa da ƙasa da kaifaffen makami, a karkace, don ruwa ya riƙa gangarewa daga kan kututturen, a bar saiwa a ƙasa domin daga ita toho zai fito da yawa. Akwai kuma dabarar da take saurin dawo da kauri, wato a sare gangar itacen fiye da rabi ba tare da an raba ta da gindin ba, a kwantar da ita a ƙasa tana raye, sai rassa su tsiro a tsaye daga jikinta, masu yaɗo kuma su hau kanta. Kada a yanka gefen duhuwa a miƙe kamar an ja igiya, a bar shi yana shiga yana fita, domin lungunan suna tare iska, suna tara ɗumi da ƙwari, kuma suna ƙara tsawon gefen da tsuntsaye suka fi amfani da shi. Rassan da aka sare a kwashe mafi yawansu daga filin da ake son ya zauna a buɗe, a tara kaɗan a kan sababbin kututtura don kare toho daga dabbobi. Dogayen bishiyoyin da suka ratso tsakiya a rage su, a bar ɗaiɗaiku a gefe idan tsuntsun yana buƙatar wurin tsayawa ya yi kuka. Manyan injuna suna da sauri, amma nauyinsu yana danne ƙasa, tarkacen da suke bari yana rufe sararin da ake nema, tayoyinsu kuma suna shigo da irin baƙin ciyayi, don haka a wanke su kafin su shiga, kuma kada a shigar da su ƙasa tana jiƙe.

Batun wuta

Inda aka tabbatar cewa dajin da wuta ya saba rayuwa, babu abin da yake maye gurbinta sosai, domin ita ce take cinye tarin ganye ta buɗe ƙasa, wasu tsirrai ma irinsu ba ya tsirowa sai ya ji zafinta. Amma aiki ne na waɗanda aka horar, da izinin hukuma, da sanarwa ga maƙwabta. A share layin tare wuta kewaye da sashen har sai ƙasa ta fito, a tanadi ruwa da isassun mutane, a duba hasashen iska da danshin sararin sama na yinin duka, a fara kunnawa daga gefen da iska take nufa domin wutar ta riƙa ja da baya a hankali ta faɗaɗa layin kariya. In sassa sun tsira a tsakiya ba su ƙone ba, kada a koma a ƙarasa su, domin su ne mafakar ƙwari da ƙananan dabbobin da za su sake cika wurin. Dajin da ya shekara 30 ko 40 bai ga wuta ba yana da haɗari na musamman, ko dai ya ƙi kamawa ko kuma ya kama fiye da ƙima, saboda haka akan fara rage shi da sara kafin a kunna.

A watan Mayun 1980, a kusa da tafkin Mack a jihar Mishigan ta Amurka, an kunna wuta da niyyar gyara mazaunin wani ɗan tsuntsu da ake kira tsuntsun Kirtland, sai iska ta ƙwace ta, ta ci kusan hekta 10,000, ta ƙone gidaje da dama, ma'aikaci ɗaya kuma ya rasa ransa. Wannan ya isa dalilin da zai sa a fasa aikin ranar da yanayi ya saɓa wa abin da aka tsara, ko da an riga an tara mutane da kayan aiki. Yawan wuta ma ɓarna ne. A gaɓar tekun kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, inda gobara take maimaituwa kafin gajerun itatuwa su farfaɗo, baƙin ciyayi sukan maye gurbinsu, su kuma su bushe da wuri su sake jawo wata gobarar, har dajin ya koma fili.

Dabbobi, baƙin tsirrai da mafarauta

Kiwo kaɗan yana taimakawa, domin shanu ƙalilan da suke ratsa wuri sukan buɗe hanyoyi su hana ciyawa shaƙe sarari. Kiwo mai yawa kuwa yana cinye daidai abin da ake ƙoƙarin samarwa, wato ganyen da ke tsakanin ƙasa da ƙirjin mutum. A jihar Teksas ta Amurka, yawan awaki na cikin abubuwan da suka durƙusar da wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai, Vireo atricapilla, wanda yake rataya sheƙarsa kimanin mita 1 daga ƙasa. An sa shi a jerin masu gab da ƙarewa a 1987, aka cire shi a 2018 bayan shekaru ana gyaran mazauninsa. A dajin Bradfield na Ingila, da aka kewaye wasu sassan da aka sare don hana bareyi shiga, naitingel ya fi taruwa a cikinsu nesa ba kusa ba. Alamar da za a duba ita ce layin da ganye ya tsaya a kai: in ƙasan itatuwa ya zama fayau kamar an yi musu aski daidai iyakar bakin dabba, to kiwon ya yi yawa. Sashen da aka sare a kare shi da shinge na shekara 2 ko 3 har toho ya fi ƙarfin baki.

Baƙin tsirrai masu mamaya a cire su tun suna kaɗan, amma in sun riga sun yi yawa har tsuntsun ya koma yin sheƙa a cikinsu don rashin na asali, a cire su sashe-sashe ana maye gurbinsu, kada garin neman gira a rasa ido. Game da mafarauta, abin da ya fi sauƙi shi ne hana abin da yake jawo su, wato juji da ragowar abinci da kyanwoyin gida da ake saki suna yawo. Labarin tsuntsun Kirtland yana da darasi a nan. Wani tsuntsu da yake zuba ƙwansa a sheƙar wasu ya addabe shi, aka fara kama wannan mai kutse da tarko a 1972, 'ya'ya suka riƙa rayuwa, amma yawan tsuntsun bai ƙaru ba, har ma a 1987 maza 167 kacal aka ƙidaya, daidai da adadin 1974. Sai da ƙananan itatuwan fayin, masu siririn ganye kamar allura, suka taso da yawa, a inda gobarar tafkin Mack ta ci da kuma inda aka dasa da gangan, sannan adadin ya haura har ya wuce 2,000, aka cire shi daga jerin masu gab da ƙarewa a 2019. Tarko ya hana shi ƙarewa, amma samun wurin zama ne ya ƙara yawansa.

Abin da ke kewaye da duhuwar ma yana cikin lissafi. Kurciyar Turai, wadda take ci-rani a yankin Sahel, tana sheƙa a duhuwa mai ƙaya da ta kai tsayin mita 3 da faɗin mita 4, amma a ƙasa take kiwo, tana tsintar ƙananan tsabar ciyayi a fili mai sarari, kuma tana buƙatar ruwa mai gangaren baki a kusa. In aka gyara mata wurin sheƙa alhali maganin feshi ya share ciyayin gefen gonaki, an yi aikin banza. Saboda haka a nemi fahimtar juna da maƙwabta a bar 'yar tazara a gefen gona ba feshi, kuma a saurari damuwarsu game da gobara ko macizai ko hanyar dabbobinsu, domin wurin da maƙwabta suke ganin an ƙwace musu ba ya daɗewa. Ga tsuntsun da ba ya yin nisa da inda aka ƙyanƙyashe shi, 'yan guntayen duhuwa da shingayen itatuwa masu rai da suke haɗa wani wuri da wani suna da daraja ƙwarai, domin ta cikinsu matasa suke bi su samu abokan zama daga wani dangi.

Inda ake son faɗaɗa dajin zuwa tsohuwar gona ko filin da ya ƙwaƙule, sau da yawa cire kiwo da haƙuri sun fi dashe. A zuba tarin rassan ƙaya nan da can, tsuntsaye za su sauka a kansu su zubar da iri a cikin kashinsu, ƙayar kuma ta kare abin da ya tsiro. In babu itatuwan asali a kusa da za su ba da iri, sai a yi dashe da irin da aka tattara daga yankin, rukuni-rukuni ba a jere ba, a bar sarari tsakanin rukunan. Kada dai a mayar da fili mai ciyawar asali ko fadama zuwa duhuwa, domin su ma suna da nasu mazauna da suke cikin matsi.

Duk abin da aka yi a rubuta shi a littafi ɗaya tare da taswira: sashen da aka sare, ranar da aka sare shi, da me aka sare shi, yawan filayen tsuntsaye na kowace shekara, da inda aka ga 'ya'ya. Zagaye ɗaya na wannan aiki yakan fi tsawon zaman ma'aikaci a wuri guda, kuma wanda zai gaje shi ba shi da abin dogaro sai wannan littafi. Kada a yi tsammanin ganin sakamako kafin shekara 3 zuwa 5 bayan sara, kuma kada a yanke hukunci da shekara ɗaya, domin fari ko tsananin sanyi ko matsala a hanyar ƙaura suna iya rage adadi ba tare da laifin wurin ba. In an kai shekara 5 ko 6 sashen ya kai tsayi da kaurin da ake so amma tsuntsaye ba su shiga ba, a sake duba abinci da ruwa da mafarauta da nisan wurin daga inda sauran suke. In nisan ne matsalar, akwai hanyar kamo wasu a kawo su, kamar yadda aka yi wa tsuntsun Ostireliya aka kafa masa sababbin mazauna, amma wannan mataki ne na hukuma da ƙwararru, kuma ba a ɗaukarsa sai an tabbatar cewa abin da ya kori tsuntsun tun farko an kawar da shi, kuma akwai kuɗi da ma'aikatan da za su ci gaba da saran bi-da-bi bayan an sake su.